Wasiƙa Daga Ohayo Kan Lasin Tuƙin Tirela

Assalamu alaikum, 'yan uwana na Daura da kewaye. Daga jihar Ohayo ta Amurka nake gaida iyayenmu, ina kuma yi wa kowa fatan alheri. Abin da ya sa na rubuto shi ne tambaya guda da take ta zuwa mini ta WhatsApp, daga ƙannena, daga 'ya'yan abokai, har da direbobin da suka girme ni a sana'a: yaya ake samun lasin tuƙin tirela a Amurka, nawa yake ci, kuma wanda ya riga ya iya mota a gida dole ne ya sake shiga makaranta? Wasu sun haɗa da tambayar albashi da sanyi da yadda ake salla a kan hanya, kuma zan taɓa su daga ƙarshe.

Lasin da ake magana a kansa sunansa CDL, kuma tun 1992 aka wajabta shi ga duk mai jan babbar mota ta kasuwanci. Kowace jiha ce take bayar da nata, amma a kan ƙa'idar gwamnatin tarayya. Aji uku ne, sai dai na mai son jan tirela shi ne ajin A. Ɗan shekara 18 zai iya samunsa ya yi aiki a cikin jiharsa, amma ba zai ƙetara da kaya zuwa wata jiha ba sai ya cika 21, kuma yawancin aikin da sabon direba yake samu na ƙetarawa ne.

A kan batun makaranta, amsar ta sauya. A da, mutum yana iya koyo a hannun ɗan uwansa mai mota, kamar yadda yaron mota yake koyo a wajen maigidansa a hanyar Kano ko ta Kongolam, sannan ya ari mota ya je ya yi jarrabawa. Daga ranar 7 ga Fabrairu, 2022 aka rufe wannan ƙofa. Yanzu ba za a bar ka ka shiga jarrabawar tuƙi ba sai wani mai horarwa da ke cikin rajistar hukumar tarayya mai kula da manyan motoci ya shigar da sunanka a kwamfuta, cewa ka yi karatun ka ci aƙalla kashi 80 cikin 100, ka kuma yi horon tuƙi a fili da kan titi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne dokar tarayya ba ta ƙayyade yawan awoyi ba, kuma ba ta ce lallai sai makarantar kuɗi ba. Kamfani ma yana iya yin rajista ya horar da ma'aikatansa, kuma a nan sauƙin yake.

Kafin a zo ga mota kuwa, akwai takardu, kuma su ne suka fi gajiyar da baƙo. Sai ka fara mallakar lasin ƙaramar mota na jihar da kake zaune. Sai ka kawo shaidar izinin zama da na aiki, da lambar da gwamnati take bai wa kowane ma'aikaci, da takardun da ke nuna adireshinka, waɗanda dole sunanka ya zo a cikinsu iri ɗaya, harafi da harafi. Ina roƙonku ku lura da wannan, domin mu mun saba a rubuta Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, Muhammadu a katin banki, kuma ba wanda ya damu. A nan ma'aikaciyar da ke bayan kanta za ta duba, ta turo maka takardunka cikin ladabi ta ce ka je ka gyara, kuma babu wanda za ka kira ya sa baki. Bayan haka sai likita, ba kowane likita ba, sai wanda yake cikin rajistar hukumar. Zai auna ido da kunne da hawan jini, ya ba ka katin da ba ya wuce wata 24, kuma mai hawan jini sau da yawa na shekara ɗaya ko ƙasa da haka yake samu. Daga nan sai jarrabawar rubutu kashi uku: ilimin tuƙi gaba ɗaya, burkin iska, da haɗa kan mota da bodi. Idan ka ci za a ba ka takardar ɗan koyo, wadda dole ta kwana 14 a hannunka kafin ka nemi jarrabawar tuƙi. Littafin da ake ciro tambayoyin daga cikinsa kyauta ne a shafin intanet na kowace jiha, don haka kada kowa ya sayar muku da shi.

Jarrabawar tuƙi ita ma kashi uku ce, kuma wadda take kayar da gwanaye ita ce ta farko, wato duba mota kafin tashi. Za ka tsaya a gaban mota, mai jarrabawa yana riƙe da takarda bai ce maka komai ba, kai kuma ka riƙa nuna kowane sashe da yatsa kana faɗin sunansa da Turanci da abin da kake nema a jikinsa: wannan tiyo bai tsage ba kuma ba ya yoyo, wannan taya zanenta bai cinye ba, wannan noti a ɗaure yake. Sai ka shiga ciki ka kashe inji, ka taka burki ka riƙe na minti ɗaya kana kallon allurar iska, sannan ka yi ta famfo har ƙararrawar gargaɗi ta tashi. Direban da ya shekara ashirin yana kai shanu Ikko daga kasuwar Mai'aduwa ya san duk wannan da kunnensa da ƙafarsa, amma idan bai iya faɗa da baki a jere ba, ya faɗi. Ribas da hawa titi su ne suka rage, kuma ba na jin tsoronsu ga ɗan gida. Shawara ɗaya ce kawai, ku yi jarrabawa da mota mai giyar hannu, domin wanda ya yi da mai canza giya da kanta za a rubuta a lasinsa cewa ita kaɗai zai ja.

Yanzu ga kuɗi. Makarantar 'yan kasuwa takan ci tsakanin dala 3,000 zuwa 7,000, wani lokaci fiye, a kan horon kamar mako huɗu. Kwalejojin gwamnati na unguwanni sun fi araha, ko da yake ana jiran layi. Akwai kuma tallafin koyon sana'a a ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 2014, wanda ake nema a ofisoshin samar da aiki, kuma wanda ya cancanta ana iya biya masa kuɗin makarantar. Hanyar da sababbin zuwa suka fi bi ita ce ta manyan kamfanonin dakon kaya, waɗanda suke horar da mutum ba tare da ya biya a gaba ba, bisa sharaɗin ya yi musu aiki na kamar shekara ɗaya. Hanya ce mai kyau ga marar jari, amma a karanta yarjejeniyar da kyau, domin wanda ya bar aiki kafin wa'adi bashin horon yana bin sa, kuma farashin da suke rubutawa ba na rahusa ba ne. Ni na fi son hanyar da ba a cika ambata ba: mutum ya kama aikin lodi a rumbun wani kamfani mai horar da ma'aikatansa, yana karɓar albashi har a ɗaga shi zuwa sitiyari.

Dole in faɗi abin da ya fi damuna. Babu ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi da yake buɗe wa wanda ba shi da izinin aiki a ƙasar. Amurka ba ta karɓar lasin tirela na wata ƙasa sai na Kanada da Meksiko, kuma a 2025 an ƙara tsaurara wa baƙi, har ana sauke direban da bai iya amsa tambayar jami'i da Turanci ba. Duk dillalin da ya ce ku sayar da gona zai samo muku biza da lasin tirela tare, ku riƙe gonarku.

Abin da yake hannunku a yau shi ne na gida. Ku bi ta makarantar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta amince da ita, ku yi gwajin VIO da kanku, ku karɓi lasin ajin G na tirela da sunanku daidai da na fasfo, maimakon wanda ake kawo wa mutum har tasha bai taɓa zuwa an ɗauki hotonsa ba. Ku kuma nisanci kodin da wiwi, domin a nan ana gwada fitsari kafin a ɗauki direba, ana kuma yi masa na ba-zata, kuma sakamakon yana shiga rumbun bayanai da kowane kamfani yake dubawa.

Sanyi gaskiya ne, har man dizal yakan daskare idan ba a zuba masa magani ba. Salla ana yin ta a wurin hutawar direbobi ko a cikin ɗakin mota. Albashi kuwa yawanci da mil ake lissafa shi, kuma na'urar da ke cikin mota tana rubuta awoyinka, doka kuwa ba ta barin ka wuce awa 11 kana tuƙi sai ka huta awa 10, saboda haka wanda ya saba kwana yana gudu don ya ninka tafiya ya cire wannan daga lissafinsa tun kafin ya taso.