Wasiƙa daga Gadarif: akwatin ungozoma da aikin da ya yi a Sudan

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, musamman iyayenmu mata da ma'aikatan ɗakin haihuwa.

Ana ta muhawara a gida ko a janye ungozomomin gargajiya daga karɓar haihuwa, ko a horar da su. Sudan ta bi hanya ta biyu tun 1921, lokacin da aka buɗe makarantar ungozomomi a Umdurman a hannun wata Baturiyar Ingila, Mabel Wolff, wadda daga baya 'yar uwarta Gertrude ta zo suka riƙe aikin tare har 1937. Unguwannin Hausawa a Mai Wurno, Madani, Kasala da nan Gadarif a ƙarƙashin wannan tsari suka rayu.

Kafin nan, haihuwar igiya ake yi. A ɗaura igiya a azarar ɗaki, mai naƙuda ta riƙe ta tana durƙushe, ungozoma na ƙasa tana aiki da lalube cikin duhu. Da yake yawancin mata a arewacin ƙasar an yi musu kaciyar fir'auna, wato a yanke a kuma ɗinke gaban mace a bar 'yar ƙaramar kafa, sai an tsaga wurin kafin kan yaro ya fito, kuma da askar da ungozoma ta samu ake yi. Daga nan jini da ruɓewa suke shiga.

Makarantar ba ta nemi 'yan boko ba, domin babu su. Matan da ba su iya karatu ba ta ɗauka, har da tsofaffin ungozomomi, ta koya musu cikin 'yan watanni. Magani da ƙamshi da ɗanɗano da taɓawa suke gane shi, ba da rubutun jikin kwalba ba. Wadda ta ci jarrabawa a ba ta lasisi da akwatin kwano mai kayan aiki, kuma ana bin su garuruwansu a buɗe akwatin a duba. A ganinmu nan ƙarfin tsarin yake. Horon da ba a bin sawunsa, ba ya daɗewa yake zubewa. Daga cikin ɗaliban aka samu irin su Sitt Batul Muhammad Isa, wadda ta zama malama a makarantar.

Abin da ake koyarwa kaɗan ne, amma kowanne yana tare wata hanyar mutuwa. A kwantar da mai naƙuda a shimfiɗa mai tsabta inda ido zai ga abin da hannu yake yi. A yanke farce, a wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. A tafasa almakashi da zare. A ɗaure cibiya wuri biyu, a yanka a tsakani, a bar ta ta bushe: ba toka, ba kashin dabba, ba ƙasa. Jaririn da aka sa wa waɗannan, sau da yawa wajen kwana bakwai, dab da suna, sai ya ƙi kama nono, muƙamuƙi ya sarƙe, jiki ya sandare. Mutane su ce iska ce, alhali ƙwayar cuta ce ta shiga ta cibiya. Mabiyiya kuwa ba a fizgo ta. Idan ta fito a duba ko ta cika, domin guntun da ya rage a ciki yana hana mahaifa tsukewa, jini ya ɓalle. Jinin da ya wuce rabin lita ba na zama a gida ba ne. Haka naƙudar da ta wuce sa'a 12 ba ci gaba, ko yaro ya kwanta a gicciye, ko kumburin fuska da ciwon kai mai kai wa ga jijjiga: a ɗauka zuwa asibiti, kada a ƙara wani jiƙo.

Inda tsarin ya gaza shi ne kaciya. An hana ta fir'auna a doka a 1946, amma wasu masu lasisin sun ci gaba da yi, har da sake ɗinke mai jego, saboda da kuɗin da iyalai ke biya suke ci. Sai kuma nisa. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce. Da damina ta sauka, ungozoma na iya gane haɗari da wuri, amma mota ba ta fita ƙauye. Asibitin haihuwa na Umdurman, wanda ake kira Dayat, sai 1957 aka buɗe shi, kuma matar karkara ba ta isa gare shi.

Saboda haka duk ƙaramar hukumar da za ta horar da ungozomomi a can gida, ta sa abu uku a kasafinta tun farko: albashinsu, mai zagayawa duba kayan aiki, da motar da za ta ɗauki mai doguwar naƙuda cikin dare. Ta kuma sa yankan gishiri a jerin abin da ke ƙwace lasisi.

Wassalam, daga 'yan uwanku na Gadarif.