Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Maganar da Kawu Ya Bari

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Kawu, wasunku suka ce na yi gaggawa. Kun yi gaskiya. Ba a wuce mutum irin Kawu ba tare da an faɗi abin da ya bari ba, kuma gadon nasa magana ɗaya ce: "Ɗana, cikin da bai ci ba, hannunsa ba ya tsayawa."

A kan wasan harbin takarda da bindigar iska yake faɗinta. Daga layin da mai harbi ke tsayawa zuwa takardar da ake harbi mita 10 ne. Harsashin ɗan dalma ne mai faɗin milimita 4.5, nauyinsa kusan rabin giram, ɗigon tsakiya mai ba da maki goma kuwa rabin milimita ne kacal. A gasa harbi 60 ake yi a tsaye, ba abin jingina, da bindigar da ƙa'ida ta hana ta wuce kilo 5.5. Wanda ya zo da yunwa, kafin ya raba harbin biyu ƙarfinsa ya sauka, bakin bindiga sai yawo. Wanda ya cika ciki shi ma bai tsira ba, don bugun zuciyarsa zai bi ƙashi ya shiga saiti. Dokar Kawu ita ce a ci kaɗan awa biyu zuwa uku kafin a hau layi, a sha ruwa, a bar kofi.

Tsayuwar ma da tsarinta. Ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, gwiwar hannun da ke tallafe bindiga ta zauna a kan ƙugu, ƙashi ya ɗauki nauyi, tsoka ta huta. Ka rufe ido, ka ja numfashi, ka buɗe. In saiti ya kauce daga baƙin da'irar da ke tsakiyar takarda, ƙafa ake gyarawa, kada a tanƙwaro bindiga da hannu. Ka saki numfashi, ka dakata, ka matsa kunama a hankali cikin daƙiƙa 6 zuwa 8. In lokacin ya wuce, ido ya fara hazo, sauke ka sake. Masu fizgar kunama da masu ɗaga kai don ganin inda ya faɗa, su ne takardarsu ke watsewa.

Wani dattijo a ikilisiya ya taɓa cewa wannan wasa bai dace da mai bi ba. Ba zan kira sunansa ba, iyalinsa suna nan. Amma har yau abin yana ci mini rai, don mutumin bai taɓa ganin yadda ake juya bakin bindiga ga takarda kaɗai ba, yatsa nesa da kunama sai an yi saiti. Kawu bai yi musu da shi ba. Fitowa sura 16 ya buɗe masa: manna kullum safiya ake tattarawa, wanda ya ajiye don gobe ta yi tsutsa ta yi wari, sai a rana ta shida aka yarda a ɗebi ninki biyu saboda Asabar. Shekara 40 a haka. Ya ce, "Baba, mai jiran wa'azin Lahadi kaɗai, mako guda yake kwana da yunwa."

Lissafin ɗaya ne da na layi. Minti 20 kowace rana na ɗaga bindiga da matsa kunama ba harsashi ya fi harbi 200 a yini guda. (Mai bindigar sifirin kada ya gwada wannan, harbin wofi yana lalata ta. Sai bindiga mai tukunyar iska da aka yi wa makunnin atisaye.) Karatun Kawu haka yake: aya goma da asuba, a bayyane, ya maimaita ɗaya har ta zauna, sannan addu'a. Ba ya cika ciki a nan ma. Sura goma a zama ɗaya, in ji shi, ƙoshi ne mai kawo barci.

Na tsallake shekarun da na jingine bindiga da Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya, ba na son taɓa su yanzu. Da daɗewa bayan ya rasu na lura da 1 Sarakuna 19, inda mala'ika ya tashi Iliya sau biyu ya ce ya ci, don tafiyar ta fi ƙarfinsa, ya kuma yi kwana 40 da ƙarfin abincin nan har dutsen Horeb. Kawu ya ja layi a ƙarƙashin wurin da fensir. Cikin da bai ci ba, hannunsa ba ya tsayawa.

Mako mai zuwa sai maganar tukunyar iskarsa, wadda ake cikawa har matsin iskar ya kai "bar" 200, da rigimar da ta tashi tsakanina da ɗansa na fari a kan wanda zai riƙe ta.