Faɗin Bututu da Irin Ƙarfe: Yadda Na Sauya Salansar Motata

Lokacin da salansar motata, Mazda MX-5 mai injin lita 2, ta huje a daidai wurin walda, na ɗauka dama ce ta samu da zan ƙara wa motar murya da ƙarfi a lokaci guda. Na sayi bututu mai faɗin inci 3 saboda mai sayarwar ya tabbatar mini cewa faɗi shi ne ƙarfi, amma ban yi mako biyu ba na gane kuskurena. Motar ta yi sanyi wajen tashi daga tsaye, kuma idan na hau babban titi injin ya daidaita a wajen juyi 3,000 a minti, sai wani gunji mai nauyi ya cika motar, madubin tsakiya yana rawa, wanda ke zaune kusa da ni kuma sai ya ɗaga murya kafin in ji shi.

Dalilin haka shi ne hayaƙi ba ya fita daga inji kamar ruwan famfo. Yana fita ne bugu bayan bugu, kuma kowane bugu idan ya wuce da sauri yakan bar gurbi a bayansa wanda ke janyo na biye da shi. Idan bututu ya yi wa injin yawa, gudun hayaƙin yana raguwa, wannan jan ya yi rauni, motar ta rasa kuzari a ƙananan juyi, inda direba yake yin mafi yawan tuƙinsa. Injin wannan girman da ba shi da turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, ba ya buƙatar abin da ya wuce inci 2.5. Mai turbo lamarinsa daban ne, domin shi ya fi son hanya a buɗe.

Da na koma saye karo na biyu, irin ƙarfen na fara dubawa. Ƙarfen da ba ya tsatsa ba iri ɗaya ba ne: mai lamba 409 ya fi araha, amma samansa yana yin ja da daɗewa, yayin da mai lamba 304, wanda ke ɗauke da kuromiyam kusan kashi 18 da nikel kashi 8 cikin 100, ya fi jure danshi da gishiri. Na riƙe ɗan maganaɗisu a aljihuna, domin yana manne wa 409 sosai, a jikin 304 kuwa da ƙyar yake kamawa. Akwai kuma na taitaniyam, irin wanda kamfanin Akrapovič na ƙasar Sulobeniya ya yi suna a kai, mara nauyi ƙwarai, sai dai a ganina tsadarsa ta fi dacewa da motar da ke shiga filin tsere. Ya kamata kuma a leƙa gwiwoyin bututun, domin wanda aka lanƙwasa ba tare da tokare cikinsa ba yakan matse a gwiwa.

Abin da ban yarda a taɓa ba shi ne matatar hayaƙi, wadda ke amfani da filatinam da faladiyam da rodiyam wajen rage gubar da injin ke fitarwa. Cire ta laifi ne a Amurka da ƙasashe da dama, kuma na'urar auna iskar oksijin da ke bayanta za ta sa fitilar gargaɗin inji ta kama, sau da yawa da lambar matsala ta P0420 a na'urar binciken mota. Saboda haka na sauya daga bayan matatar zuwa ƙarshe kawai, da bututun 304 mai inci 2.5 da ƙaramar tukunyar rage gunji a tsakiya, na kuma sa sababbin gasket da robobin rataye, domin tsofaffin sun riga sun tsattsage. Gunjin ya tafi, motar kuma ta dawo da kuzarinta wajen tashi.