Littafin tonon kalmomi, mako na tara: manifesto

'Yan uwa masu tonon asalin kalmomi, barkanmu da warhaka. Wannan makon kalma ɗaya tak na iya gamawa, ita ma sai da ta sa na soke rabin shafi da jan biro.

Kalmar ita ce manifesto, wato takardar da mutum ko jam'iyya ke fitarwa a bainar jama'a su ce ga abin da muka yi imani da shi, ga abin da za mu yi. Da na fara rubuta ta, kunnena ya yaudare ni. Na ji "manufa" a cikinta, har na rubuta a gefe cewa ƙila dangi ne. Ashe kama da wane ba ta wane. Manufa tamu ce, daga "nufa" ta fito. Manifesto kuwa Turawan Ingila aro suka yi daga Italiyanci a ƙarni na 17, Italiyanci kuma ya gaje ta daga Latin, manifestus, abin da ya fito fili ƙarara. Gaban kalmar, manus, hannu ke nan.

Nan ne na daɗe. A dokar Rumawa ta dā, ɓarawon da aka cafke yana cikin satar ana kiransa fur manifestus, hukuncinsa kuma ya fi na wanda aka gano daga baya tsanani. Mu da Hausa sai mu ce an kama shi hannu dumu-dumu. Kun ga hannun ya sake fitowa. Wato kafin kalmar ta hau mumbarin siyasa, wurin shari'ar ɓarayi ta fara zama, abin da ba shi da musu saboda kowa ya gani. Ni dai wannan ya fi burge ni a kan duk ma'anar da ƙamus ya jera.

Na siyasar ban ja su da tsawo ba. Robert Peel, firaministan Birtaniya a lokacin, ya aika wa masu zaɓensa na garin Tamworth tasa a 1834. Ta kwaminisanci da Karl Marx da Friedrich Engels suka rubuta ta fito a Landan a 1848, da Jamusanci. A gida kuma na tuna sanarwar Sawaba da jam'iyyar NEPU ta fitar a Kano a 1950. Aikin manifesto ta yi, ko da ba a kira ta da sunan ba.

Ranar Asabar na shiga mota a tasha, ɗan kamasho ya miƙo wata takarda duk ta sha maiƙo, biro ɗaure da zare, ya ce, "Malam, cika manifes." Suna, lambar waya, lambar wani naka. Ina cikawa sai na tsaya, biro a sama. Ƙanwar kalmata ce! Asali ɗaya, ita ma bayyana abin da ke cikin mota ko jirgi take yi. Na ɗan yi dariya ni kaɗai, dattijon da ke kusa da ni ya ce, "Yaro, lafiya?" Na ce lafiya lau, Baba, na miƙa masa biron.

Mako mai zuwa creed zan taɓa, wadda ta fito daga credo, "na yi imani". Wanda ya riga ni yin ta ya ajiye shafinsa mu gwada.