Inda na kai a koyon agwagin ruwa

'Yan'uwa masu koyon kallon tsuntsaye, tun shigowar hunturu na jingine tsuntsayen cikin garin Damagaram, su hasbiya da shirwa, na mai da hankali kan na ruwa a tafkin Gidimuni, can kan hanyar Gure. Tun 2019 tafkin yana cikin jerin dausayin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Ramsar ke karewa, kuma wanda ya je da sanyin safiya zai ga dalili.

Kirinjijiya, wata irin agwagwar ruwa, ta zauna mini daram yanzu. Farar fuska, baƙar ƙeya, doguwar wuya, tana tsayawa a miƙe a bakin ruwa. Amma da kunne na fi gane ta: fito take yi mai gaɓa uku, garke guda a lokaci ɗaya, tun kafin su bayyana cikin hazo. Dinya ba ta da wahalar ganewa, girmanta ya isa shaida.

Inda nake fama shi ne ƙananan agwagin nan baƙi da ke tsallako Sahara daga Turai su yi rani a nan. Duk ruwan ƙasa-ƙasa ne, kuma ƙurar hunturu tana cinye launi. Wani dattijo masunci da na tarar yana gyaran koma ya ga ina ta murza madubin hangen nesa, sai na ce, "Baba, yaya kuke rarrabe su?" Ya ce in bar kallon gashi, in dubi zama da tashi. Kirinjijiya tana tashi da nauyi da surutu, ƙafafu a sake. Baƙin kuwa wuf suke yi daga kan ruwa, su juya tare, a matse. Na gwada, haka abin yake. Wannan ya fi mini amfani a kan hotunan da ke cikin wayata, domin hoto ba ya motsi.

Shawarata, ku fara gaida masu lambu kafin ku ratsa dabino da rakensu, ku nemi izini. Su ne ke kwana su tashi da tafkin, sun san kusurwar da zalɓe ke tsayawa da inda balbela ke kwana. Kuma don Allah a bar jifa don a ga tsuntsu ya tashi. Abin yana ci mini rai, wanda ya ƙetaro hamada hutu yake bukata.

Kafin ƙarshen Maris, lokacin da baƙin ke komawa, ina so in iya gane namijinsu da farin layin da ke fito masa a saman ido. Sannan ga roƙo: wanda ke Mirya, Matamai ko Magarya, ya rubuta ranar da ya fara ganin shamuwa a kan bishiyar garinsu bana, mu haɗa mu ga ta ina take fara sauka.