Yadda Aka Sayar Mini da Haƙorin Kifin Mako Mai Saiwar Bogi

Duk mai tara haƙoran kifin shak da suka zama dutse ya san inci 3 shi ne burin kowa a kan mako mai faɗin haƙori, wani nau'in shak na zamanin da wanda masana ke kira hastalis. Ƙasa da haka ana samu, amma da zarar haƙori ya taɓa inci 3 sai kuɗinsa ya yi tsalle. A kan wannan awon aka yi mini sakiyar da ba ruwa, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Yawancin nawa a Calvert Cliffs na tsinto su, a jihar Maryland ta Amurka, bakin ruwan Chesapeake, inda gaɓa ke zaftarewa tana zubo abin da teku ya binne tun shekaru miliyan 8 zuwa 18. Yadda ake yi ba sabon abu ba ne: ka je lokacin da ruwa ya janye, musamman bayan iska mai ƙarfi, da rariya a hannu, kuma kada ka haƙa gaɓar, doka ta hana, ga shi tana iya rufto maka. Matsalar ita ce igiyar ruwa ba ta barin saiwa lafiya. Jikin haƙorin mai sheƙi yana jure gurza, saiwar kuwa mai ƙananan ramuka ce, saurin gutsurewa gare ta. Manyan da na samu kusan duk da ɓari.

Shi ya sa na sayi guda a intanet. Mai sayarwar ya ce daga Aurora ya fito, mahaƙar fosfat ɗin nan ta North Carolina, ya wuce inci 3 da ɗan kaɗan, saiwa cikakkiya. Da ya iso, wallahi ya yi kyau. Na riƙa nuna wa mutane.

Wani dattijo da muke haɗuwa a bakin ruwan ne ya karɓa, ya juya shi, bai ko kalli tsinin ba. Saiwar ya tsura wa ido, ya ce, "Wannan ta cika kyau." Daga baya ya haska mata tocila mai hasken ultrabayolet, sai ɓangare ɗaya ya fito da wani launi dabam, iyakarsa a miƙe ɗoɗar. Ya jiƙa auduga da asiton, sinadarin da ke narkar da fenti, ya goga a hankali. Audugar ta tashi da ruwan ƙasa-ƙasa. Fenti ne, a ƙarƙashinsa kuma kwaɓin gam.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wurin da aka yi cikon. Ana auna haƙori ne a karkace, daga tsini zuwa ƙarshen reshen saiwa mafi tsawo. To daidai wannan reshen aka gina, aka ja shi har ya haye inci 3. Wanda ya yi aikin ya san abin da yake yi sarai. Gyara shi kansa ba laifi ba ne, gidajen tarihi ma suna yi, kuma masu gaskiya suna rubutawa ɓaro-ɓaro cewa an cike kaza. Ɓoyewar ce cuta.

Haƙorin dai na gaske ne, wannan kam na gode Allah. Bakinsa sumul, babu tsaga-tsaga irin na zarto da ake gani a haƙorin megalodon, ƙaton shak na zamanin da, ko na babban farin shak. Abin dariya ma, wannan kifin da masanin halittu Louis Agassiz ya sa wa suna a 1843 muke ta kira mako, masana da yawa yanzu suna ganin kakan farin shak ne, musamman bayan 2012 da aka bayyana wani shak na zamanin da mai suna Carcharodon hubbelli daga yankin Pisco na ƙasar Peru, mai tsaga-tsaga ƙanana da suka tsaya tsakanin su biyun. Wannan bai rage mini haushin saiwar ba ko kaɗan.

Yanzu ba na biyan ko sisi sai an turo mini hoton saiwa daga kusa, gaba da baya. Ina neman ramukan nan ƙanana; inda suka ɓace aka ga wuri sumul, akwai magana. Ina duba mahaɗar saiwa da jikin haƙori, domin fenti kan hau kan sheƙin a can. Idan rassan biyu suka yi daidai wa daida, launi ɗaya tun daga sama har ƙasa, sai in ƙara tambaya. Kuma ina sa mai sayarwa ya amsa mini a rubuce: an gyara ko ba a gyara ba? Wanda ya fara kewaye-kewaye, na bar masa kayansa.

Shi wancan da ya sayar mini kuwa na tura masa hoton audugar da fentin a jiki. Ya ce haka shi ma ya saya, bai sake amsa saƙona ba. Na cire gam ɗin gaba ɗaya na sake aunawa, inci 3 ko kusa bai kai ba.