Ranar da ƙyallen ya ƙi fitowa

Na sauka New Orleans a watan Agustan 2018, na samu aikin wanke-wanke a kicin ɗin wani otal. Wata guda cur ban da wanda zan ce abokina ne. Duk Litinin sai ma'aikata su kaure da musu kan wasan jiya, ni kuwa ina gefe ina kankare tukwane. A Kano ni ne mai baki a gidan kallon ƙwallo, amma wannan zari-rugar ta Amurkawa ta mai da ni kurma.

Maƙwabcina ne ya cece ni, wani dattijo tsohon direban bas da nake ce wa Baba. Ranar wata Lahadi ya kira ni, matarsa ta zubo min gambo, wata miyarsu mai kuɓewa, ta rantse min kaza ce da jatan lande, ba alade. Ya nuna min a talabijin alƙalan wasa bakwai masu riga mai ratsin baƙi da fari, kowanne da ƙyalle rawaya a ƙugu. In ya jefa, an yi laifi. A shekarar aka hana sunkuyar da kai a tunkuyi mutum da hular kwano, aka kuma tsananta kan danne mai jefa ƙwallo da dukan nauyin jiki. Hukuncin shi ne ƙungiyar mai laifi ta yi asarar yadi 15 na fili. Clay Matthews, ɗan wasan ƙungiyar Green Bay, mako uku a jere ana jefa masa ƙyalle.

Na ce, "Baba, yaya ƙato zai kayar da mutum bai faɗa kansa ba?"

Ya ce, "Ɗana, su ma alƙalan ba su sani ba."

Ni dokar ba ta dame ni ba. Tsofaffin 'yan wasa da yawa ƙwaƙwalwarsu ta taɓu saboda yawan gwara kai, kare su wajibi ne. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, dukan da aka hukunta yau, mako mai zuwa a yi irinsa alƙali ya kau da kai. Ni da na taho da tunanin a Amurka doka ba ta da fuska biyu!

Sai ga 20 ga Janairun 2019. Saints, ƙungiyar garinmu, da Rams ta Los Angeles, wanda ya ci ya tafi Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofi. Ana 20 da 20, saura ƙasa da minti biyu. Drew Brees na Saints ya jefa wa abokin wasansa Tommylee Lewis ƙwallo, kafin ta iso Nickell Robey-Coleman na Rams ya zo a guje ya banke shi, hula ta daki hula. Laifi biyu a duka ɗaya, har ni ɗan koyo na gani. Muka zuba ido. Ƙyalle bai fito ba. Rams suka ci 26 da 23 a ƙarin lokaci. Baba bai ce uffan ba, ya tashi ya kashe talabijin.

Daga baya hukumar NFL mai shirya gasar ta ci Robey-Coleman tarar dala 26,739, shugabanta Roger Goodell ya amsa an yi kuskure. Ihu bayan hari. Suka kawo dokar sake duba irin wannan laifin a bidiyo, kaka ɗaya ta yi suka soke ta.

Washegarin wasan na shiga kicin, tun kafin in ɗaura gyauto na hau sababi da guntun Turancina, har Hausa ta kuɓuce min, na ce alƙalin nan ko a wasan unguwa ba ma ba shi usur. Babban kuku ya juyo yana kallona, ya tambayi sunana, karo na farko a wata biyar.

Ranar Super Bowl, 3 ga Fabrairu, mutanen gari da yawa suka ƙi kallo, suka fito titi da kiɗa. Baba ya ara min tsohuwar rigarsa baƙa mai ruwan zinare. Ta yi min yawa, na naɗe hannun na bi su.